Tsoka da zagayawar jini: a fara da hadda ko da fahimtar aiki?

Ɗalibar Jinya:
Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Tambayata a kan darasin tsoka ce da na zagayawar jini. Tsokokin da ke manne da ƙashi sun haura 600, kowace da sunanta, da inda ta taso, da inda ta maƙale, da jijiyar saƙon da ke motsa ta. Ga kuma zuciya da jijiyoyin jini da rassansu. Wasu na cewa a zauna a haddace sunaye tukuna, fahimta za ta biyo baya. Wasu kuma na cewa hadda ɓata lokaci ce. Ta ina ake kama bakin zaren?

Malamin Ilimin Jiki:
Wa alaikumus salam. Kada 600 ɗin nan ta firgita ki, 'yata. Akasarinsu tagwaye ne, ɗaya a dama ɗaya a hagu, kuma ba a bin su ɗaya bayan ɗaya. Fara da ƙa'ida guda: tsoka ja take yi, ba ta turawa. Duk wadda kika ɗauka, ki tambayi kanki wace gaɓa ta tsallaka, kuma ta gaba ta bi ko ta baya. Wadda ta tsallaka gwiwar hannu ta gaba dole ta lanƙwasa hannu, wadda ta bi ta baya dole ta miƙar da shi. A gwiwar ƙafa abin ya juya, ta gaba ke miƙarwa, ta baya ke lanƙwasawa.

Sannan ki karanta su rukuni-rukuni, domin haka aka halicce su, kowane rukuni a naɗe cikin tantaninsa, da jijiyar saƙonsa, da jijiyar jininsa. Gaban damtse tsoka uku ne, jijiyar saƙo ɗaya ke kula da su duka. Bayan damtse akwai babba mai kai uku, taraisef, tana ƙarƙashin jijiyar radiyal. Cinya rukuni uku ce: gaba akwai kwadirisef mai kai huɗu da jijiyar femoral, baya akwai hamstirin guda uku da jijiyar sayatik, ciki kuma akwai masu haɗe cinyoyi da jijiyar obtureta. Wanda ya riƙe wannan ya riƙe tsoka fiye da goma sha biyar a zama ɗaya.

Ɗalibin Likitanci:
Allah ya ƙara basira, Malam, amma ina da ja kaɗan. A jarrabawar gani da ido, inda ake soka tsinke a jikin tsoka a ce faɗi sunanta da jijiyarta cikin minti ɗaya, ƙa'ida ba ta ceton mutum. Daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu, ta gaba kaɗai, tsoka takwas ne hawa uku. Duk hanya ɗaya suka bi. In ba hadda ba, ta yaya za a bambance su?

Malamin Ilimin Jiki:
Ban ce kada a haddace ba, cewa na yi kada a fara da ita. Ɗauki takwas ɗin da ka kawo. Jijiyar midiyan ke motsa su duka, in ban da ɗaya da rabi da ke hannun jijiyar alna: mai lanƙwasa wuyan hannu ta ɓangaren ƙaramin yatsa, da rabin babbar mai lanƙwasa yatsu ta can ƙasa. Haddace ɗaya da rabi ya fi haddace takwas arha. Kuma huɗun da ke hawan sama duk daga ƙullin ƙashi ɗaya suka taso, wanda ke gefen gwiwar hannu ta ɓangaren ƙaramin yatsa. Ɗora tushen tafin ɗaya hannunka a kan ƙullin nan, ka baza yatsu huɗu a kan hannun, kowane yatsa ya kwanta a kan tsoka ɗaya. Hadda ce, amma mai ƙugiyar ratayewa.

Mai Gashin Ƙashi:
Ina tare da Malam, sai dai in ƙara da cewa duk ɗalibi yana yawo da abin gwajinsa a jikinsa. Lanƙwasa gwiwar hannunka daidai kusurwa, tafi yana kallon ƙasa. Ɗora ɗayan hannun a kan ƙwanji. Yanzu juya tafin ya kalli sama. Za ka ji baisef ta taurare ta hau sama, alhali gwiwar ba ta motsa ba. Dalili shi ne agararta a kan ƙashin radiyas ta maƙale, wato ƙashin hannu na ɓangaren babban yatsa, wanda shi ke juyawa, don haka babban aikinta juya tafi ne. Mai ainihin lanƙwasa gwiwa a kowane hali ita ce barakiyalis da ke kwance ƙarƙashinta, wadda ta maƙale a kan ƙashin alna, na ɓangaren ƙaramin yatsa. Ɗalibai da yawa sukan faɗi wannan tambayar saboda sun ɗauka baisef ce komai.

Gwaji na biyu: haɗa babban yatsa da ƙarami, ka ɗan lanƙwasa wuyan hannu. In ka ga siririyar agara ta taso a tsakiya, palmaris ce doguwa. In ba ka gani ba kada ka damu, wasu mutane ba su da ita sam, a hannu ɗaya ko duka biyun, kuma ƙarfin riƙonsu bai ragu ba. Shi ya sa likitocin tiyata ke ciro ta su yi gyara da ita a wani wurin.

Abin da littafi bai cika jaddadawa ba shi ne tsoka tana aiki ta fuska uku. Tana ja tana gajarta, kamar lokacin ɗaga kaya. Tana ja tsayinta bai canja ba, lokacin riƙe kayan a tsaye. Tana kuma ja alhali tana ƙara tsayi, lokacin sauke kayan a hankali ko gangarowa daga bene. Na ukun nan ya fi jawo ciwon jiki washegari.

Ɗalibin Likitanci:
To ba sinadarin laktik ne ke taruwa ya kawo wannan ciwon ba? Haka yake a rubuce a wasu tsofaffin takardun karatu.

Mai Gashin Ƙashi:
A'a, ɗan'uwa, lissafin lokaci ma ya ƙaryata shi. Laktet, wato sinadarin laktik ɗin, yakan koma matsayinsa a jini cikin kamar awa ɗaya bayan an daina aiki, zuciya da hanta da sauran tsokoki sun kwashe shi sun yi amfani da shi. Ciwon kuwa sai bayan awa 24 zuwa 72 yake kai ƙololuwa. Abin da ke faruwa ƙananan yagewa ne a zaren tsoka da kumburin da ke biyo baya. Zafin da ake ji ana tsakiyar gudu dabam ne, shi ne ke da alaƙa da tsamin da ke taruwa a tsoka a lokacin.

Ɗalibar Jinya:
Na gode malamai. Inda ya fi rikita ni shi ne yadda tsoka ke murɗewa tun daga ciki. Aktin, mayosin, tiroponin, duk suna cakuɗe mini.

Malamin Ilimin Jiki:
Aktin da mayosin siraran zaruruwa ne iri biyu da ke jere cikin zaren tsoka, tiroponin da tiropomayosin kuma su ne makullin da ke jikin aktin. Bi abin a jere yadda yake faruwa, kuma ki zana kowane mataki da hannunki. Saƙo ya gangaro ta jijiya ya iso bakinta. Bakin ya saki wani sinadari mai suna asitilkolin cikin 'yar tazarar da ke tsakaninsa da zaren tsoka. Sinadarin ya maƙale a masu karɓarsa, ƙofofi suka buɗe, sodiyam ya kwarara ciki, lantarki ya bazu a fatar zaren ya nutsa ta ƙananan bututu zuwa can ciki. Nan ma'ajiyar kalsiyam ta buɗe. Kalsiyam ya hau tiroponin, tiroponin ya janye tiropomayosin daga wuraren da ya toshe a jikin aktin. Sai kan mayosin ya kama aktin, ya ja, ya saki, ya sake kamawa gaba, kamar masu jan guga daga rijiya, hannu na bin hannu, igiyar ba ta taɓa kuɓucewa domin ba duka suke saki lokaci guda ba.

Abu biyu ake yawan kuskurewa. Na farko, aktin da mayosin ba sa gajarta, shigewa juna suke yi. Abin da ke gajarta shi ne sakomiya, wato ɗan sashen zaren da aktin da mayosin ke jere a ciki, wadda tsayinta a hutu bai wuce maikiromita 2 da ɗoriya ba (maikiromita kashi ɗaya ce cikin dubu na milimita). An nuna wannan a 1954, Andrew Huxley da Rolf Niedergerke a ɓangare guda, Hugh Huxley da Jean Hanson a ɗaya ɓangaren, kuma Huxley ɗin biyu ba dangi ba ne. Na biyu, ATP, sinadarin da ke ba tsoka kuzari, ake bukata kafin mayosin ya saki aktin, ana kuma bukatarsa a mayar da kalsiyam ma'ajiyarsa. Wato sakin tsoka ma kuzari yake ci. Shi ya sa gawa ke sandarewa: ATP ya ƙare, mayosin ya kama ya kasa saki. Takan fara bayan awa 2 zuwa 6, ta cika wajen awa 12, sannan ta saki cikin kwana biyu ko makamancin haka idan zaren ya fara ruɓewa. Zafi na hanzarta ta, sanyi na jinkirta ta.

Likitan Zuciya:
Bari in ɗora a kan na Malam. Hanyar da matakan nan za su zauna a ka ita ce a rataya wa kowanne cutar da ke lalata shi. Gubar botulinam tana hana bakin jijiya sakin asitilkolin, sai tsoka ta yi laƙwas. A cutar mayasteniya garkuwar jiki ce ke kai wa masu karɓar sinadarin hari, shi ya sa fatar ido ke faɗuwa, da safe da sauƙi, da yamma abin ya tsananta. Wasu magungunan feshin ƙwari suna hana rushe asitilkolin bayan ya gama aiki, sai ka ga tsoka na ɓari, yawu na dalala, ƙwayar ido ta tsuke, daga baya numfashi ya gaza. Cutar sarƙewar haƙora kuwa ba ta taɓa mahaɗar jijiya da tsoka ba, can cikin laka take cire birki, sai saƙon ja ya yi ta zuwa ba tsayawa.

Game da zuciya, 'yar'uwa, ajiye littafi ki bi ɗigon jini ɗaya. Ya dawo daga jiki ta manyan jijiyoyin komawa biyu, ta sama da ta ƙasa, ya shiga ɗakin sama na dama. Ya ratsa bawul, wato ƙofar da ke hana jini komawa baya, mai ganye uku zuwa ɗakin ƙasa na dama. Ya fita ta bawul ɗin huhu zuwa huhu, ya sauke iskar kabon ya ɗauki oksijin. Ya dawo ta jijiyoyi huɗu zuwa ɗakin sama na hagu, ya ratsa bawul ɗin maitiral mai ganye biyu zuwa ɗakin ƙasa na hagu, ya fita ta awota, babbar jijiyar da ke kai jini ga dukan jiki. Ki zana wannan ba tare da leƙe ba har sai hannunki ya saba.

Ki kuma cire wa ranki cewa jijiyar fita ita ce mai jini mai oksijin. Alkibla ce ke raba su, ba launin jini ba. Jijiyar da ke fita zuwa huhu jininta ba shi da wadatar oksijin, huɗun da ke dawowa daga huhu su ne cike da shi. A cibiyar ɗan tayi ma haka ne, jijiyar komawa ɗaya ce ke kawo jini mai oksijin daga mabiyiya, jijiyoyin fita biyu ke mayar da wanda aka yi amfani da shi.

Ɗalibin Likitanci:
Likita, ƙananan tsokokin nan da ke cikin ɗakunan ƙasa, masu zare zuwa ganyen bawul, ba su ke ja su buɗe bawul ba?

Likitan Zuciya:
Ko kaɗan. Babu bawul ɗin zuciya da wata tsoka ke buɗewa. Bambancin matsi ne kawai. In matsin baya ya fi na gaba ya buɗe, in na gaba ya fi ya rufe. Aikin tsokokin nan riƙe ganyen ne kada ya kife zuwa ɗakin sama lokacin da ɗakin ƙasa ya matsa. Idan ɗaya ta tsinke bayan bugun zuciya mai kashe tsoka, maitiral zai yi yoyo nan take, huhu ya cika da ruwa cikin ɗan lokaci.

Wanda ya gane zancen matsi ba ya bukatar haddace zagayen bugu. Sautin farko rufewar maitiral ne da mai ganye uku, na biyu rufewar na awota da na huhu. Ga alƙaluman da ya kamata su zauna: ɗakin ƙasa na hagu yakan cika da kamar mililita 120, ya fitar da 70, 50 ta rage. Kason da ya fita a mai lafiya tsakanin kashi 55 zuwa 70 cikin ɗari ne. Ninka 70 da bugu 70 a minti, ka samu kusan lita 5, wato kwatankwacin dukan jinin babban mutum yana zagayawa kowane minti. Ɗakunan ƙasa biyu adadi ɗaya suke fitarwa, amma na hagu yana tura wa awota da matsin 120 bisa 80, na dama kuwa huhu yake tura wa da kamar 25 bisa 10. Shi ya sa bangon na hagu ya ninka na dama kauri kusan sau uku.

Abin da na fi so ɗalibi ya tsaya a kai shi ne lokaci. A bugu 75 a minti, zagaye ɗaya daƙiƙa 0.8 ne, matsawa 0.3, hutu 0.5. Tsokar ɗakin ƙasa na hagu a lokacin hutun take shan jininta, domin sa'ad da ta matsa tana shaƙe jijiyoyin da suka ratsa ta. In bugu ya hau zuwa 150, zagayen ya koma 0.4, kuma hutun ne ya fi raguwa. Zuciya na neman ƙarin oksijin daidai lokacin da damar samunsa ta ƙuntata. Mai lafiya yana jurewa. Mai jijiyar da kitse ya tsuke shi ne zai ji ƙirji ya ɗaure masa yana hawan bene, ya tsaya ya huta abin ya lafa.

Malamin Ilimin Jiki:
Lissafin nan da Likita ya yi shi ne ainihin hujjar William Harvey a 1628. Ya ƙiyasta abin da zuciya ke fitarwa a kowane bugu, ya ninka, ya ga cikin ɗan lokaci ya zarce abin da hanta za ta iya ƙerawa daga abinci, kamar yadda aka yi imani tun zamanin Galen, tsohon likitan Girka. Da alƙalumanmu na yau, lita 5 sau minti 1,440 ya ba da lita 7,200 a yini. Ba makawa jini ɗaya ne ke zagayawa. Bai ga ƙananan jijiyoyin da ke haɗa na fita da na komawa ba, sai a 1661 Marcello Malpighi ya gan su a huhun kwaɗo da madubin ƙara girma. Tun kafin su duka, a ƙarni na 13, Ibn al-Nafis a Alƙahira ya rubuta cewa babu wata kafa a bangon da ya raba ɗakunan ƙasa biyu, jini ta huhu yake bi.

Sista Mai Jinya:
Malamai sun yi bayani, ni kuma in kawo inda ilimin ke aiki a bakin gado, domin nan ake gane wanda ya fahimta. Awon jini da farko. Mutum ya zauna minti 5, baya a jingine, ƙafa a ƙasa ba a harɗe ba, hannu a ɗore daidai tsayin zuciya. Jakar iskar da ke cikin maɗauri ta zagaye kashi 80 cikin ɗari na damtse. Ƙaramin maɗauri a kan ƙaton hannu yana ba da lamba sama da gaskiya, babba a kan siririn hannu yana ba da ƙasa. Gefensa na ƙasa ya tsaya santimita 2 zuwa 3 sama da lanƙwasar gwiwa. Fara da taɓa bugu a wuyan hannu, ki hura har ya ɓace, ki ƙara 20 zuwa 30 a kai, sannan ki sa abin saurare ki riƙa sakin iska 2 zuwa 3 a daƙiƙa. Sautin farko lambar sama, inda ya ɓace lambar ƙasa. Wanda ya tsallake taɓa bugun nan yakan faɗa cikin giɓin shiru da wasu masu hawan jini ke da shi, ya rubuta 140 alhali 190 ne. Kuma ba a jin bugu da babban yatsa, yana da nasa. A wuya ba a danna ɓangare biyu lokaci guda.

Na biyu, kanula, wato ɗan bututun da ake sakawa a jijiya don ƙarin ruwa ko jini. Gudun ruwa a bututu ya dogara ƙwarai a kan faɗinsa, har ma in faɗin ya ragu da rabi, gudun ya koma kashi ɗaya cikin 16. Tsayi ma yana rage gudu. Saboda haka mai zubar jini gajeriyar kanula mai faɗi yake bukata, lamba 14 ko 16, guda biyu, ba shuɗiyar nan lamba 22 ba. Ƙaramar lamba ita ce mai faɗi. Ƙa'idar nan ce dai jiki ke amfani da ita, ƙananan jijiyoyin fita su ɗan tsuke kaɗan matsin jini ya hau.

Kada kuma awon jini ya yaudare ki. Matashi na iya rasa kusan kashi 30 cikin ɗari na jininsa, wajen lita ɗaya da rabi, lambar sama ba ta faɗi ba, domin jijiyoyi sun tsuke sun rufa asiri. Alamun farko su ne bugu ya yi sauri, tazarar da ke tsakanin lambar sama da ta ƙasa ta ƙuntata, hannu ya yi sanyi, in kika danna farce ya wuce daƙiƙa 2 bai dawo ja ba, fitsari ya ragu.

Allurar tsoka a mazaunai kuma, raba ɓangaren gida huɗu, ki yi a na sama ta waje, nesa da jijiyar sayatik.

Mai Gashin Ƙashi:
Sista, a nan ina da gyara, da girmamawa. Raba gida huɗun nan da ido ake yi, kuma in mutum na tsaye ko yana da jiki, layin kan zame ƙasa. Sakamakon shi ne ƙafar da ke faɗuwa, mutum na tafiya yana jan yatsu a ƙasa, musamman yara. Gefen ƙugu ya fi aminci saboda da ƙashi ake auna shi. Mutum ya kwanta a gefe. A ɗora tushen tafi a kan ƙullin ƙashin cinya na sama, hannun dama ga ƙugun hagu, hannun hagu ga na dama. Manuniya ta nufi tsinin ƙashin ƙugu na gaba, yatsan tsakiya ya buɗe baya ya bi bakin ƙashin. A soka a tsakanin yatsun biyu. Babu babbar jijiya a wurin, kitsen ma bai kai na baya kauri ba.

Sista Mai Jinya:
Ban musa ba, gefen ƙugu ya fi in an koya da kyau. Matsalar ita ce wanda ba a nuna masa hannu da hannu ba yakan sauka ƙasa da gaba fiye da kima. Abin da ba a jayayya a kai shi ne jarirai, a gaban cinya ta waje ake yi musu, a kashi na tsakiya, ba a mazaunai ba. Kafaɗa kuma yatsu biyu zuwa uku ƙasa da tsinin ƙashin, ruwan kada ya wuce mililita 1 a ƙa'ida. In an hau sama a shiga gaɓa, in an sauka ƙasa ko baya a taɓa jijiya.

Likitan Zuciya:
Duk wannan na nuna kuskuren raba darussan biyu. Tsoka a hutu kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na jinin da zuciya ke fitarwa take samu, ana tsananin gudu ya haura 80, fitarwar kanta ta tashi daga lita 5 zuwa 20 ko fiye. Tsoka kuma ita ke mayar da jini. Kusan kashi biyu cikin uku na jini a jijiyoyin komawa yake, inda matsi ya yi ƙasa ƙwarai. Daga ƙafa, tsokar sharaɓa ce ke matse su a kowane taku, bawul ɗin cikinsu su hana jinin gangarowa. Mutum na tsaye cak matsin jijiyar idon sawu kan kai wajen 90, ya fara tafiya ya sauko ƙasa da 30. Shi ya sa soja kan yanke jiki ya faɗi a fareti, kuma maganinsa a kwantar da shi a ɗaga ƙafafu, ba a tallafe shi a zaune ba.

Wanda ya daɗe a kwance ya rasa wannan matsewar. Jini ya tsaya, in aka haɗa da raunin bangon jijiya ko jini mai saurin daskarewa, ukun da ake jingina wa likitan Jamus Virchow, sai gudan jini ya kafu a ƙafa. Ƙafa ɗaya ta kumbura, ta yi zafi, tana ciwo. Ba a murza ta. Ku bi hanyar da muka zana: gudan ya ɓalle, ya hau babbar jijiyar komawa ta ƙasa, ya ratsa ɗakunan dama biyu, wuri na farko da hanya ta tsuke masa shi ne huhu.

Ta ɗaya fuskar, tsokar da gini ya danne awanni tana zubar da abin da ke cikinta a jini. Mayoglobin, sinadarin da ke riƙe oksijin a tsoka, ya toshe ƙoda, fitsari ya yi duhu. Fotasiyam, wanda matsayinsa a jini 3.5 zuwa 5.0 ne, ya hau, a ga tudun T ya yi tsini a takardar ECG, wato zanen awon lantarkin zuciya, zuciya na iya tsayawa bayan an ɗaga abin da ya danne. Don haka ake fara ƙarin ruwa tun kafin a ciro mutum in da hali.

Ga tambaya gare ki, 'yar'uwa mai jinya. Maitiral ya tsuke. Ina jini zai taru, kuma wane ɗaki ne zai wahala?

Ɗalibar Jinya:
Likita, in na bi hanyar da baya, jini zai taru a ɗakin sama na hagu, daga nan ya koma huhu, mutum ya riƙa haki musamman in ya kwanta. Ɗakin ƙasa na hagu kuma zai yi kauri saboda wahala.

Likitan Zuciya:
Rabin farko daidai, madalla. Na biyun ki sake duba zanenki. Ɗakin ƙasa na hagu yana gaban toshewar ne, ba bayanta ba, jini ma bai ishe shi ba balle ya yi kauri. Wanda ke sa shi kauri tsukewar bawul ɗin awota ne ko hawan jini. A tsukewar maitiral, ƙofar da faɗinta ya kamata ya kai murabba'in santimita 4 zuwa 6 takan koma 1.5 ko ƙasa, galibi shekaru bayan ciwon maƙogwaro na ƙwayar sitiref da ba a yi wa magani ba a yarinta. Ɗakin sama na hagu ya buɗe ya yi girma, bugunsa ya rikice, jini ya kwanta a 'yar aljihunsa ya daskare. Wannan gudan, saɓanin na ƙafa, ta awota zai fita, kuma yana iya zarcewa ƙwaƙwalwa ya shanye ɓarin jiki. Can baya kuma matsin huhu ya yi ta hawa har ɗakin ƙasa na dama ya gaji, sai ki ga jijiyoyin wuya sun cika, hanta ta kumbura, ƙafafu biyu sun tara ruwa. Juna biyu na tona cutar, domin jini ya ƙaru da kusan rabi, bugu ya yi sauri, lokacin hutun da jini ke ratsa ƙofar ya gajarta. In za ki saurara, kwantar da mai ciwon a gefen hagu, ki sa ƙaramin bakin abin saurare a tsakanin haƙarƙari na biyar da na shida, daidai layin tsakiyar ƙashin da ke saman ƙirji, ba tare da dannawa ba, ki nemi gurnani mai zurfi bayan sauti na biyu.